Tsilar da ke cin hanta kamar ciwon daji

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena ya shekara 14 a wani ƙauye da ke kudancin Jamus, inda yake aiki a gonar kiwon shanu. Bara ya fara rama, idanunsa suka yi ɗorawa, aka yi masa hoton ciki aka ce ciwon dajin hanta ne. Bayan ƙarin gwaje-gwaje sai likitoci suka canza magana, suka ce tsila ce ta kafu a hantar, ba za ta ciru da tiyata ba, kuma zai riƙa shan magani iya rayuwarsa. Mu dai tsilar da muka sani a hanji take zama, a sha magani ta faɗo. Ta yaya tsila za ta shiga hanta? Daga naman da ya ci a nan gida ya ɗauke ta? Matarsa da 'ya'yansa za su iya kamuwa? Mahaifiyarmu ta matsa ya dawo gida a yi masa na gargajiya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ce, ya kuma kwantar wa Hajiya da hankali. Abubuwa uku da ka ambata, wato zama a karkarar kudancin Jamus, da ƙari a hanta wanda aka fara ɗauka ciwon daji ne, da hukuncin shan magani ba yankewa, sun yi daidai da cutar da wata 'yar mitsitsiyar tsila mai suna Echinococcus multilocularis ke haddasawa. Ba ta da suna a Hausa domin ba cutar ƙasarmu ba ce, saboda haka zan riƙa kiran ta tsilar yanyawa, tunda yanyawar ƙasashen sanyi ce babban ma'ajinta.

Ruɗanin da kuka shiga ya samo asali ne daga kalmar tsila ita kanta. Tsilar da Bahaushe ya sani ana ɗaukar ta ne daga naman shanu da bai dahu ko bai gasu sosai ba, wanda ke ɗauke da 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙwayar shinkafa. Idan mutum ya ci, tsutsar takan maƙale a hanjinsa, ta yi girma har tsawonta ya kai mita da yawa, gaɓoɓinta su riƙa fitowa a bayan gida. A wannan yanayi mutum ne masaukin uwar tsila, saniya kuma ita ce ke riƙe da 'ya'yan a cikin namanta. A cutar ƙanenka al'amarin ya juye. Uwar tsilar tana zaune ne a hanjin yanyawa ko kare, kuma tsawonta bai kai rabin santimita ba, sai dai dubbansu kan taru a dabba ɗaya ba tare da sun sa ta ciwo ba. Ƙwanta na fita a kashin dabbar ya watsu a ciyawa da ƙasa, ƙananan ɓerayen daji su haɗiye shi wajen kiwo, ya ƙyanƙyashe ya tafi hantarsu ya hayayyafa a can, sannan yanyawa ta kama ɓeran ta cinye, zagayen ya sake komawa farko. Mutum ba ya cikin wannan lissafi. Idan ya haɗiyi ƙwan bisa kuskure, ya faɗa gurbin ɓera ne, kuma abin da ke faruwa a hantar ɓera cikin 'yan watanni shi ne zai faru a tasa cikin shekaru.

Yadda take isa hanta kuwa abu ne da ke bin tsarin halittar jiki. Idan ƙwan ya sauka a ƙaramin hanji, ɓawonsa yakan narke, wani ɗan tayi mai ƙugiyoyi shida ya fito, ya huda bangon hanjin ya shiga jijiyar jini. Duk jinin da ya taso daga hanji sai ya bi ta wata babbar jijiya ya shiga hanta kafin ya wuce zuwa zuciya, domin hanta ce ke tace abin da aka ci. Saboda haka ɗan tayin yakan maƙale a wannan matata ta farko, kuma wannan ne dalilin da ya sa kusan duk masu cutar a hanta take fara musu.

Abin da ya sa ta zama mugunyar cuta shi ne salon girmanta. Ba ta zama tsutsa mai tsawo a cikin hanta, kuma ba ta tattaruwa a jaka guda mai bango wadda likita zai ɗauke ya yar. Takan yi ta fitar da ƙananan kumfa masu yawa, galibinsu ba su fi ƙwayar gero ko ta wake ba, suna toho daga gefe suna kutsawa cikin lafiyayyen naman hanta, ta yadda idan aka yanka wurin za a gan shi da ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. Babu wata iyaka bayyananniya tsakanin inda cutar ta tsaya da inda lafiyayyar hanta ta fara. Yayin da bakin ƙarin ke ci gaba da yaɗo, tsakiyarsa takan mutu ta ruɓe ta zama kogo, wasu sassan kuma su ƙandare kamar tsakuwa. Gara ce misalin da ya fi kusa da ita, domin takan cinye katako ta ciki alhali daga waje ana ganin sa lafiya lau. Idan ta kai ga hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi ta toshe su, sai ciwon shawara ya bayyana tare da ƙaiƙayin jiki da fitsari mai duhu, wanda ga alama shi ne ya kai ƙanenka asibiti. Tana iya ratsawa zuwa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, tana kuma iya ɓallewa ta bi jini ta je huhu ko ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya karanta wannan siffa zai ce ciwon daji ake bayyanawa, don haka kada ku ga laifin likitocin da suka fara faɗin haka. Kuskuren tsoho ne: likitocin Turai sun daɗe suna lissafa wannan ƙari cikin ciwon daji, sai a shekarar 1855 masanin cututtukan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya nuna cewa 'ya'yan tsila ne. An ƙara kusan shekara ɗari kafin bincike a Alaska da kudancin Jamus, a shekarun 1950, ya tabbatar da zagayenta tsakanin yanyawa da ɓera.

Game da ko daga naman gida ya ɗauko ta, amsar ita ce a'a, kuma dalilai biyu ne. Na farko, ba a ɗaukar wannan cuta ta hanyar cin nama ko kaɗan, ko tsire ne ko kilishi ko balangu. Ƙwan da ke cikin kashin yanyawa ko kare ne kaɗai ke sa wa mutum ita. Na biyu, tsilar yanyawa cutar arewacin duniya ce, ba ta da zama a Afirka kudu da Sahara. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2010 ya nuna cewa mutum kusan 18,000 ke kamuwa da ita a shekara a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasar Sin suke, musamman makiyayan tsaunukan Tibet a lardunan Sichuan da Qinghai, da kuma Gansu da Xinjiang. Akwai ta a Kirgistan da Saberiya ta Rasha da gabashin Turkiyya da tsibirin Hokkaido na Japan, kuma daga 2013 an fara samun ta a lardin Alberta na Kanada. A Turai, tsohon gidanta shi ne yankin da ya haɗa kudancin Jamus, wato jihohin Baden-Württemberg da Bavariya, da arewacin Suwizalan, da gabashin Faransa, da yammacin Austriya. Nan ne ƙanenka ya zauna. Lokacin ma ya yi daidai, domin tsakanin haɗiyar ƙwan da bayyanar ciwo akan ɗauki shekara 5 zuwa 15 ba tare da mutum ya ji komai ba, har ma da yawa daga cikin masu ita akan gano su ne kwatsam, yayin da ake yi musu hoton ciki saboda wata larura dabam.

Ko a can ɗin ma cuta ce da ba kasafai ake ganin ta ba. A Jamus doka ta wajabta kai rahotonta tun 2001, kuma adadin da ake samu a shekara gommai ne kawai a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 80. Yawancin waɗanda ƙwan ya shiga jikinsu garkuwarsu takan kashe shi, wani lokaci a bar ɗan tabo ƙandararre a hanta wanda ba ya cutarwa. Amma adadin yana ƙaruwa, kuma dalilin abin lura ne. Turawa sun yaƙi ciwon haukan kare ta hanyar watsa wa yanyawa rigakafi a cikin abinci a dazuzzuka, cutar haukan ta kau, yanyawa suka daina mutuwa suka yawaita har suka shigo birane irin su Zurik, suna yawo a lambunan gidaje. A Suwizalan yawan masu kamuwa da tsilar ya ninka fiye da sau biyu a farkon shekarun 2000 idan aka kwatanta da shekarun 1990. An magance wata annoba, an buɗe wa wata cutar ƙofa.

Aikin da ƙanenka ke yi na cikin waɗanda bincike ya nuna sun fi haɗari, wato noma da kiwo da riƙon karen da ke yawo yana farautar ɓeraye. Mai yankan ciyawa da tara harawa yana taɓa ƙasar da yanyawa ta yi kashi a kai, kare kuma yakan yi birgima a wurin ya kwaso ƙwan a gashinsa, ko ya ci ɓera ya zama shi kansa yana zubar da ƙwan bayan kimanin wata guda. Daga hannu zuwa baki tafiyar ba ta da nisa. Ƙwan ba ya ganuwa da ido, yana iya yin watanni da rai a ƙasa mai sanyi da danshi, firizar gida ba ta kashe shi, yawancin magungunan goge-goge ma ba sa yi masa komai. Dafuwa tana kashe shi, haka nan zafin rana da bushewa.

A kan matarsa da 'ya'yansa, ku kwantar da hankalinku ta fuska ɗaya, ku kuma ɗauki mataki ta wata fuskar. Mai wannan cuta ba ya zubar da ƙwai, domin babu uwar tsila a hanjinsa, saboda haka ba ya sa wa kowa ita, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwanciyar aure, ko ta tari, ko ta wanke masa tufafi. Kada a ware masa kwano ko a hana yara zama kusa da shi, wannan ƙarin ciwo ne kawai ga maras lafiya. Sai dai tunda gida ɗaya suka zauna, lambu ɗaya suka ci, wataƙila kare ɗaya suka shafa, abin da ya same shi zai iya samun su ta hanyar da ta same shi. Ya dace a yi musu hoton ciki da gwajin jini, domin idan aka gano cutar tun tana ƙarama ana iya yanke ta gaba ɗaya a warke. Idan akwai kare a gonar, a riƙa ba shi maganin praziquantel kowane wata bisa shawarar likitan dabbobi. Tsoron wannan tsila ne ya sa Birtaniya da Ayilan da Finlan da Norwe da Malta suka wajabta a ba duk karen da za a shigo da shi wannan magani kwana 1 zuwa 5 kafin ya tsallaka iyakarsu.

Yanzu ga maganar da na san ta fi damun ku, wato cewar ba za ta ciru ba. Hanya guda da ake warkewa sarai ita ce a yanke duk ɓangaren da cutar ta taɓa, a haɗa da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa kamar yadda ake yi wa ciwon daji, sannan a sha magani na shekara 2, a kuma ci gaba da bibiya har shekara 10. Hanta tana da baiwar sake tofowa, don haka ana iya cire fiye da rabinta mutum ya rayu. Matsalar ita ce cutar takan yi shiru har sai ta kai ƙofar hanta, inda manyan jijiyoyin jini da hanyoyin maɗaciya suka haɗu, ko ta kama ɓangarorin hantar biyu, kuma idan ta kai nan wuƙa ba ta da wurin bi. Yanke wani sashe a bar wani ba ya ƙara wa maras lafiya komai sai wahala, shi ya sa likitan kirki yakan ce a bar tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin da ake auna matakin cutar da shi, wanda ke duba girmanta a hanta, da ko ta taɓa gaɓoɓin da ke maƙwabtaka, da ko ta yi nisa zuwa huhu ko ƙwaƙwalwa, kuma a kansa ake gina hukuncin. A nawa ganin, duk wanda aka ce masa tasa ba ta ciruwa ya cancanci a tura hotunansa cibiyar da ta ƙware a wannan cuta, domin asibitin da ke ganin mutum ɗaya a shekara da wanda ke bibiyar ɗaruruwa ba za su yi hukunci iri ɗaya ba. Asibitin jami'ar Ulm yana nan a yankin da yake zaune, akwai na Zurik, akwai kuma na Besançon a Faransa. Dashen hanta yana yiwuwa a matsayin mafita ta ƙarshe, amma yana da tarko, domin magungunan da ke danne garkuwar jiki bayan dashe sukan ba duk wani ɓurɓushin cutar da ya rage damar bunƙasa da sauri. Don kauce wa haka ne likitocin Urumqi a Xinjiang suka shahara da wata tiyata mai ban mamaki, inda ake fitar da hantar daga ciki, a yanke ɓataccen sashen a kan tebur, a gyara jijiyoyin, a mayar wa mutum da ragowar hantarsa.

Maganin da zai riƙa sha sunansa albendazole, kuma ba baƙo ba ne a wurinku, domin shi ne ƙwayar da ake raba wa yara a makarantu don kashe tsutsar ciki. Bambancin shi ne yaro yakan tauna ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 a wuce wurin, shi kuwa mai tsilar hanta yakan sha miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, a raba safe da yamma. Abin da nake so ku riƙe da kyau, ku kuma fahimtar da Hajiya, shi ne wannan magani ba ya kashe cutar, ɗaure ta yake yi. Yana hana ta toho da yaɗo, amma ƙwayoyin da take tsirowa daga gare su sukan kwanta da ransu, kuma idan aka saki maganin sukan farfaɗo. Mutum yana iya shan sa shekara biyu, shawara ta washe, ƙiba ta dawo, ya ga kamar ya warke ya ajiye, bayan wani lokaci a tarar ƙarin ya ci wani sabon wuri da ba za a iya maidowa ba.

Alƙaluman tarihin cutar za su nuna muku darajar wannan ɗauri. Kafin zuwan irin waɗannan magunguna a tsakiyar shekarun 1970, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa magani ba sukan rasu cikin shekara 10 zuwa 15 da gano cutar. Wani nazari da aka yi a kan marasa lafiyar Suwizalan ya nuna cewa a 1970 cutar tana rage wa mai ita kusan shekara 20 daga tsawon ran da ake sa ran zai yi, amma zuwa 2005 ragin ya dawo kimanin shekara 3. Rai dai a hannun Allah yake, amma ta fuskar sababi, mai shan maganinsa a kan ƙa'ida yana iya ci gaba da aikinsa, ya ga auren 'ya'yansa. Akwai ma 'yan kaɗan da bayan shekaru ake dakatar musu da maganin, idan wani hoto na musamman da ke nuna ko ƙarin yana da sauran motsi ya nuna ya lafa, gwajin jini kuma ya goyi bayan haka. Likitocinsa ne za su yanke wannan hukunci, ba jin daɗin jikinsa ba.

Shan maganin yana da ƙa'idoji. Hanji ba ya tsotse shi sosai sai da maiƙo, don haka a sha shi a tsakiyar abinci mai mai, kamar madara ko ƙwai ko man shanu ko gyaɗa, ba da ruwan shayi a kan yunwa ba. Yana iya taɓa hantar ita kanta, yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, yana kuma sa zubewar gashi ga wasu, shi ya sa ake ɗibar jini akai-akai a farkon farawa, daga baya a riƙa tazara, har ma akan auna yawan maganin a cikin jini don a daidaita adadin. Yana da haɗari ga ɗan tayi, abin da ya kamata a sani idan gwaji ya nuna matarsa ma tana buƙatarsa. Batun azumi ya tattauna da likitansa tun kafin watan ya kama, domin a duba ko za a mayar da sha biyun zuwa sahur da buɗa-baki, ko kuwa yanayin hantarsa ya sa shi cikin waɗanda shari'a ta yi wa rangwame.

Kafin in zo kan buƙatar Hajiya, akwai abin da bai kamata in tsallake ba, domin tsilar yanyawa tana da 'yar'uwa da ke zaune a cikinmu. Sunanta Echinococcus granulosus, kuma zagayenta tsakanin kare ne da dabbobin kiwo, wato tumaki da awaki da shanu da raƙuma. Ita takan yi jaka guda mai bango, cike da ruwa garau, wadda ke girma a hankali har ta kai girman lemo ko ma ƙwarya, mafi yawa a hanta, sai kuma huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ke ɗauke da cututtukan wannan dangi a kowane lokaci, kuma mafi yawansu wannan mai jakar ce. Ta yi ƙamari a Sudan da Arewacin Afirka da yankin Turkana na Kenya, kuma likitocin dabbobi sun sha samun jakunkunanta a huhu da hantar raƙuman da ake yankawa a mayankar Kano da Sakkwato da Maiduguri. Duk mahaucin da ya daɗe a sana'a ya san wannan ƙululun ruwa. Abin da ya saba yi shi ne ya yanke wurin ya wurga gefe, inda karnukan kwata ke jira, kuma wannan wurgawar ita ce ke raya cutar. Mutumin da ya ci hantar ba zai kamu ba, amma karen da ya ci jakar zai cika da tsila cikin makonni, ya je ya yi kashi a lambun latas da kabeji ko a bakin rijiya. Nisantar kare da al'adarmu da addininmu suka koya mana tana rage haɗarin, amma ba ta kawar da shi, tunda mafarauta da makiyaya da masu gadi suna riƙe da karnuka, ganyen salak kuma ɗanye ake cin sa. Ranar layya, da kowane gida ke zama mayanka babu mai duba nama, duk huhu ko hantar da aka ga jakar ruwa a jikinta a ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfin da kare ba zai tone ba. Da hana karnuka kayan ciki da ba su magani ne Aislan da Niyu Zilan suka kawar da cutar bayan ta addabe su.

Wannan ta gida ta fi sauƙin magani nesa ba kusa ba. Ƙaramar jaka takan mutu da albendazole na 'yan watanni, wata a zuƙe ruwanta da allura ƙarƙashin kulawar na'urar hoto a zuba mata abin da zai kashe 'ya'yan, wata a yi tiyata, wadda ta riga ta mutu ta ƙandare kuma a bar ta ana dubawa. Haɗarinta shi ne fashewa, domin ruwan yana iya jefa mutum cikin mummunar suma nan take, 'ya'yan da ke ciki kuma su watsu su tsiro a ko'ina cikin ciki. Na kawo bambancin ne domin za ku iya haɗuwa da wanda zai ce muku ai wane ma ya yi tsilar hanta an zuƙe masa ya warke. Gaskiya ya faɗa, amma ba irin ta ƙanenka ba ce, tasa ba ta da jakar da za a zuƙe.

Ita kuwa Hajiya, abin da take so shi ne ta ga ɗanta a gabanta tana yi masa wani abu da hannunta, kuma babu mai ganin laifin uwa a kan haka. Ku yi mata bayani a hankali cewa magungunan tsila na gargajiya, ko da waɗanda suke aiki, a cikin hanji suke aikinsu, suna sa gudawa su koro tsutsar waje, shi kuwa babu komai a hanjinsa da za a koro. Jiƙe-jiƙen shawara da sassaƙe-sassaƙe duk ta hanta suke bi, kuma hantar da rabinta ya lalace, ragowar kuma tana fama da albendazole kullum, ba ta da ƙarfin ɗaukar wani nauyin da ba a san adadinsa ba. Idan gwajin jini ya nuna hantar ta ƙara rauni, dole likitoci su dakatar da albendazole ɗin, ka ga an rasa abin da ke ɗaure cutar ke nan saboda abin da ba ya taɓa ta. Addu'a da sadaka da saukar Alƙur'ani kuwa ba su da karo da magani, a nan ne za ta sa ƙarfinta.

Dawowa gida dungurungum a wannan mataki ba shawara ce da zan bayar ba, domin gwajin jinin da ke bibiyar wannan cuta da awon maganin a jini da ƙwarewar sa bututu a hanyar maɗaciya idan ta toshe duk suna can inda yake, ga kuma matsalar jabun magunguna a kasuwanninmu ga mai buƙatar ƙwaya ingantacciya kowace rana. Ziyara kuwa babu abin da zai hana idan likitocinsa sun ga jikinsa ya daidaita. Ya taho da maganin da zai ishe shi har da rarar wasu makonni, da kwafin hotunansa, da takardar bayani da Turancin Ingilishi mai ɗauke da cikakken sunan cutar. Takardar tana da muhimmanci, domin likitan da ke aiki a ƙasarmu idan ya ga irin wannan ƙari a hanta, abin da zai fara zuwa masa shi ne ciwon dajin da cutar hanta nau'in B ke jawowa ko ƙurjin hanta mai ɗiwa, tunda su yake gani kullum, kuma yana iya kai allura wurin da bai kamata ba. Idan yana gida zazzaɓi mai rawar ɗari ya kama shi tare da dawowar shawara ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada a tsaya ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne ana sayen magani a kemis. Alama ce ta cewa hanyar maɗaciya ta toshe ƙwayoyin cuta sun taru a bayanta, kuma a ranar ya kamata a kai shi asibitin koyarwa mafi kusa da takardar a hannu.